An tura 'yata wajen likitan ƙwaƙwalwa, me za mu tarar a can?

Saƙonni uku na zaɓo wannan makon, duka daga 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya, kuma duka akan sashe ɗaya na asibiti suke, wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Ni uwa ce ina zaune a Hindawiyya nan Jidda. Ɗiyata ce 'yar shekara 17 tun bayan ƙaramar sallah take faɗuwa, jikinta ya sandare sai ta hau jijjiga kumfa na fita a baki, in ta farfaɗo bata san me ya faru ba sai barci. Munyi ruƙiyya munsha zamzam da rubutu abin bai bari ba, shine muka je mustausaf (ƙaramin asibiti) likita ya bamu tahwil (takardar turawa) zuwa mukh wal a'asab (sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi). Babanta yace shi ba za a kai masa 'ya wajen mahaukata ba, wata maƙociya kuma tace ruwan bayanta zasu zuƙe ta gurgunce. Wallahi na rasa yadda zanyi ga yarinya ta isa aure. Don Allah me ake yiwa mutum a wajen nan?

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya bata lafiya. Ki kaita, kuma kar ki bari mau'idin nan, wato ranar da aka baku ta ganin likita, ya wuce ku don in ya wuce sai a sake baku wani mai nisa. Ki lallashi Alhaji ki faɗa masa likitan mukh wal a'asab daban, likitan nafsiyya, wato na taɓin hankali da damuwa, daban. Wannan da aka tura ku shi ke duba mai ciwon ɓarin kai, mai shanyewar ɓarin jiki, mai karkarwar hannu, tsoho mai mantuwa da mai farfaɗiya, in kun shiga ɗakin jira dattawa masu sanda zaki fi gani. Kuma baya fiɗa, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa wani ne daban. Zuwa wajen likitan nafsiyyar ma ba abin kunya bane, amma wannan zancen wata rana ne.

Toh abin da nafi so ki riƙe shine, a ciwo irin wannan bakinki yafi na'ura aiki. Yarinyar bata san me ke faruwa da ita ba in abin ya taso, likita kuma bai gani ba, wanda ya gani da idonsa shine shaida, saboda haka in ke kika gani ke zaki shiga da ita, in yayarta ce ta gani a tafi da yayar. Zai tambaye ki me take yi kafin ta faɗi, a tsaye take ko a kwance, ta kan ji wani wari ko tsoro ko wani abu na taso mata daga ciki kafin nan, idonta a buɗe yake ko a rufe, ta wane ɓari jijjigar ta fara, minti nawa take ɗauka, ta kan ciji harshe, fitsari ya kan kufce mata, in ta tashi tana gane mutane nan take ko sai an jima. Zai koma baya har haihuwarta, ko tayi doguwar naƙuda, ko ta taɓa sanƙarau ko buguwa a ka, ko tana jijjiga in zazzaɓi ya kamata tana ƙarama, ko akwai mai irin wannan a dangi. Wannan ta ƙarshen nan ne mutanenmu ke ɓoyewa, don Allah kar ki ɓoye, sirrinku a fayil zai tsaya. Ki zauna tun a gida ki rubuta ranakun da abin ya faru da lokacin, da ko ta samu barci daren ko kwana tayi akan waya, da ko tana haila. In Allah ya ƙaddara ya sake tasowa kafin ranar, wani ya kula da ita wani ya ɗauki bidiyo da waya a nuna duk jikin har fuska. Na san zuciyar uwa bata son ɗaukar 'yarta a wannan hali, amma bidiyon minti ɗaya kan raba gardama tsakanin farfaɗiya da suma ta zuciya ko faɗuwar da damuwa ke kawowa, kuma maganinsu ba ɗaya bane.

Ku tafi da takardar tahwil, iƙama (katin izinin zama), katin ta'amin (inshorar lafiya) in akwai, duk wani sakamakon gwaji na baya, da duk abin da take sha a kwalinsa har na gargajiya da na attar (mai sayar da magungunan ganye). In Larabcinki na kasuwa ne ki nemi babba mai hankali ya yi muku tafinta, kar ki ɗauki ɗan firamare. Ki kuma bar yarinyar tayi magana da bakinta, in likita ya nemi ki ɗan basu wuri da nas a ɗakin ki basu.

Bayan tambayoyi sai dubawa, kuma babu abin da ke da zafi a ciki. Zai haska mata tocila a ido, yace ta bi yatsansa da kallo, ta yage baki ta fito da harshe, ta matse masa hannu, ta taɓa hancinta da yatsa ido a rufe, tayi tafiya akan layi, ya ɗan ƙwanƙwasa gwiwarta da ƙaramar gudumar roba ƙafar ta zabura, ya ja wani abu a tafin ƙafarta. Dole ta ɗage niƙabi don fuska na cikin abin da ake dubawa, ta sa wando ƙarƙashin abaya, kuma kuna da damar ku nemi mace ta tsaya a ɗakin. Zuwan farko kan ci rabin awa ko fiye.

Daga nan zai rubuta gwaje-gwaje, mafi yawa ba a ranar ake yinsu ba. Akwai na jini, suga da gishirin jiki da aikin hanta da ƙoda, da awon bugun zuciya. Sai takhɗiɗ na ƙwaƙwalwa, wato gwajin EEG, inda ake manna ƙananan wayoyi wajen ashirin a fatar kai su naɗi lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da kanta, ba a tura mata wuta ko kaɗan, sauraro kawai na'urar ke yi na minti 20 zuwa 40, za a ce tayi numfashi da ƙarfi a kuma walƙa mata fitila. A tsefe kitso tun jajibiri, a wanke kai a barshi ba mai ko ɗigo, na ga mata da yawa an maido su gida saboda kitso da man gashi kawai. Ki sani kuma gwajin nan yana iya fitowa lafiya lau alhali farfaɗiyar na nan, don ba kowane lokaci take nuna kanta ba, kinga dalilin da yasa na nace akan labarinki.

Sai hoton ranin, wato MRI. Gado ne ke shiga da mutum cikin wani bututu, babu zafi babu hasken ashi'a irin na x-ray, maganaɗisu ne, sai dai ƙara kamar kana kusa da injin niƙa, ana bada abin toshe kunne, kuma ana so a kwanta shiru kusan rabin awa. A cire fil na mayafi, ɗan kunne, sarƙa, abaya mai ado na ƙarfe, a goge kwalli, in akwai haƙorin Makka ko wayar gyaran haƙori ko wani ƙarfe da aka taɓa sa mata a jiki a faɗa musu tun a bakin ƙofa. In da ta'amin kuke, ranin kan jira muwafaƙa, wato amincewa, daga kamfanin, ki bibiyi maganar kar ki zauna jiran su kira.

Maganar ruwan baya kuwa maƙociyarki bata da gaskiya. Ba kowa ake yiwa ba, sai in ana zargin sanƙarau ko kumburin ƙwaƙwalwa da makamantansu, kuma a yadda kika bada labarin nan da wuya a nema. Ko da an yi, allurar can ƙasan baya take shiga ƙasa da inda laka ta ƙare, ɗan kaɗan ake ɗiba, jiki kuma yana ƙera wajen rabin lita na ruwan nan kullum. Abin da yafi biyo baya ciwon kai ne na 'yan kwanaki, kuma ba a yi sai da sa hannunku.

In ya tabbata farfaɗiya ce, Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum kusan miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Sharaɗin shine shan sa kullum akan lokaci, ba a tsayarwa don an ga sauƙi, likita ne kaɗai ke duba ragewa, shi ma sai an yi aƙalla shekara 2 ba faɗuwa. Tunda kin ambaci aure, ki faɗawa likitan haka ƙarara. Akwai magani mai suna Depakine da yake aiki sosai amma yana da hatsari ga ɗan tayi, kusan 1 cikin 10 na jariran da uwarsu ta sha shi da ciki kan zo da nakasa, shi yasa ake kaucewa ba budurwa shi in da wani. Tegretol kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, in ƙuraje suka feso mata bayan fara shi ku koma asibiti a ranar. Keppra kan sa wasu saurin fushi. Ki tambayi yadda za a tsara shan magani kafin azumi ya zo, da raya daren Ramadan, don rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke taso da ciwon.

Kafin nan, kar ta kulle ƙofar banɗaki, kar ta tsaya kan gas ita kaɗai, kar ta shiga ruwa a Kurnish, bakin tekun Jidda, in zaku Umra wani ya riƙa bin gefenta a ɗawafi. In ta faɗi ku kwantar da ita ta gefe, ku sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, kar a danne ta, kar a cusa cokali a baki, kar a ɗura mata ruwa ko a tura mata hayaƙi. In jijjigar ta wuce minti 5 ko ta sake tasowa bata farfaɗo ba, ku kira Hilal Ahmar, masu motar asibiti ta gaggawa, a 997. Kumfar bakinta bata sa wa kowa ciwon, ku daina ware mata kwano in kun fara. Addu'a da ruƙiyya ta Alƙur'ani ku ci gaba, ba su hana magani ba, amma duk wanda zai dake ta da sunan fitar da aljani ku tashi ku bar masa wurin. Ki tunawa Alhaji hadisin Ibn Abbas na baƙar matar nan mai farfaɗiya da tazo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kore ta ba bai ƙyamace ta ba, bushara da Aljanna ta samu. Masu ciwon nan suna karatu suna aure suna haihuwa, kuma gara a faɗawa mai neman ta gaskiya tun da wuri ana kan magani da ya gano a ɗakinsa.

TAMBAYA: Salam Likita. Direba ne ni a Makka wajen Misfala, ina da ciwon suga ya daɗe. Yanzu ƙafafuna na min zugi da raɗaɗi da dare, wani lokaci takalmi ya fita ban sani ba. An rubuta min takhɗiɗ na jijiyoyi, abokaina sunce shokin ake ba mutum. Da gaske ne?

AMSA: Wa alaikassalam Alhaji. Eh akwai ɗan shokin, amma ƙarami ne na ƙiftawar ido, ana auna saurin da saƙo ke bi ta jijiyar ne, ba daɗi amma baya cutarwa. Wani lokaci ana haɗawa da siririyar allura a tsoka. Kar ka shafa mai ranar, ka faɗa musu in kana shan maganin tsinka jini ko kana da batirin zuciya, in an gama da ƙafarka zaka fita ka ja motarka. Ni abin da yafi damuna takalmin nan ne da ke fita baka sani ba, ƙafar da bata ji ita ke taka ƙusa ko tayil mai zafin azahar ta ƙone mai ita bai sani ba, daga nan gyambo ya fara. Ka riƙa duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu kowane dare, kar ka taka waje ba takalmi. Ka nemi a auna maka sukar tarakumi mai nuna yadda sugan yake a wata 3, da bitamin B12 in ka daɗe akan maganin suga na metformin don yana rage shi. In an baka Lyrica ko makamancinsa ka faɗawa likita sana'arka, yana sa barci da jiri, kuma zugin kawai yake ragewa, riƙe sugan ne ke hana lalacewar ci gaba.

TAMBAYA: Likita daga Madina nake. Babanmu mai hawan jini ne, jiya bayan asuba bakinsa ya karkace maganarsa ta sarƙe kofi ya faɗi daga hannunsa, kafin rabin awa ya dawo garau. Mun samu mau'idi bayan sati uku, mu jira?

AMSA: Na riga na amsa masa a ranar da saƙon ya shigo, na sako shi nan ne saboda sauran masu karatu. Ƙanina kar ku jira, yau ku kai Baba ɗawari, wato sashen gaggawa. Abin da ka faɗa alamar jini ya ɗan toshe a ƙwaƙwalwa ne ya sake buɗewa, kuma kwana biyun farko su suka fi hatsarin babbar shanyewar jiki ta biyo baya. A can za a yi masa hoton maƙɗa'iyya, wato CT scan, na 'yan mintuna, a duba zuciya da jijiyoyin wuya, a ɗora shi akan maganin kariya. In abin ya dawo ku duba agogo ku riƙe lokacin da ya fara, ku kira 997 nan take, kar a bashi ruwa ko abinci ko asfirin sai an yi hoto, don allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi na farko ake bada ita. Kar kuma ya tuƙa mota da kansa zuwa asibitin.