Amsa ga yarona kan furen bikin ƙanwarsa

Jiya muna loda tukwane a bayan mota ka ce mini: "Maigida, bikin ƙanwata ƙarshen Disamba ne, kuɗin da aka ware mini na fulawa kuwa bai taka kara ya karya ba. Ko in haƙura in sa na roba?" Hankalina yana kan kaya shi ya sa ban tanka maka ba. Ga amsarka yanzu.

Ajiye maganar roba tukuna. Muna farkon Oktoba, kana da kusan mako goma sha biyu, kuma sun ishe ka ka noma furen da hannunka. Akwai irin ziniya da na marigol a wurina, zo ka ɗiba. Ziniya tana cin kwana 60 zuwa 70 daga shuka zuwa fure, marigol ya kan ɗan riga ta. Ka raba irin gida biyu: rabi ka shuka wannan makon, rabi bayan kwana goma. Idan na farko ya yi gaggawa, na biyu zai dace da ranar. Kada ka ji tsoron ta yi fure da wuri, domin ziniya kana yanka tana ƙara tohowa. Makara ce ba ta da magani.

Kangon nan na bayan gidanku a Malali ya isa, muddin rana tana samunsa kamar awa shida. Ka haɗa ƙasar da kashin shanu wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi. Damina tana kan tafiya, ban ruwa ya koma wuyanka, safe ko yamma, kuma a gindi za ka zuba, don jiƙa ganye kullum shi ke jawo farar cutar nan mai kama da gari. Ka yi shinge tun ranar farko saboda awaki.

Ga abin da yara ba sa son yi: in tsiron ya kai tsawon taƙi ɗaya, ka tsinke kansa. Na san zai yi maka ciwo, ni ma hannuna ya yi rawa ranar da nawa maigidan ya sa ni. Amma wanda aka tsinke rassa yake fitarwa masu yawa, kowane da furensa da dogon kara. Wanda aka ji tausayinsa fure ɗaya zai ba ka tun farko, ya tsaya yana jira.

Wajen yanka ne aikin yake lalacewa. Jajibirin biki, da an idar da sallar asuba, ka shiga lambu da bokitin ruwa a hannu da wuƙa mai kaifi. Kama karan ziniya ka girgiza a hankali. In kan furen yana lilo, bai nuna ba, bar shi. In ya tsaya ƙyam, yanke shi a karkace, ka zage ganyen ƙasa, ka tsoma a ruwa nan take. A kowace lita ka sa ƙaramin cokali na sukari, ka ɗan matsa lemon tsami, ka ɗiga Hypo (bilicin wanki) kaɗan don kada ruwan ya yi wari ya toshe karan. Sai ɗaki mai duhu da sanyi, kusa da randa, nesa da ayaba ko gwanda masu nuna, domin iskar da suke fitarwa tsofar da fure take yi. Iskar hunturu kuwa tsotse shi take kamar kilishi a rana. Na taɓa yanka da tsakar rana don wani biki a Barnawa, na ɗora a buɗaɗɗiyar mota. Kafin in tsallake gada duk sun sunkuyar da kai. Har yau ina jin kunyar idon uwar amaryar nan.

Ɗan kuɗin da ke hannunka kuma, daidai ruwa daidai tsaki. Ka sayi ros na Jos 'yan ƙwaya kaɗan, iya wanda amarya za ta riƙe a wurin dina, don shi ne zai shiga kowane hoto. Soson da ake soka karan fure a ciki tsada gare shi, dunƙule wayar kaji ka cusa a bakin tukunyar ƙasa, za ta riƙe maka kara daram. Kada ka watsa furen ko'ina a fili, zai ɓace. Tara shi a mazaunin ango da amarya da bakin ƙofa, sauran wurin ka cike da ganye.

Kuma ka leƙa wajen masu lambu a bakin Kogin Kaduna ko ƙauye ka nemo reshen zoɓo da jajayen ƙoƙunansa, lokacinsa ke nan. Sa shi tsakanin furannin marigol masu launin ruwan ɗorawa a cikin ƙwarya sabuwa, ka ja da baya ka kalla. Tumfafiya dai kada ta shigo, ƙaiƙayin nononta a ido ba wasa ba ne, ga yara cike da gidan biki.

Ranar Asabar ka zo da buhu biyu na ɗibar taki, mu je in ga filin da idona.