Zane, hoto da renon yara: me za a saya, me za a bari?

Wasiƙun wannan makon daga iyaye suka fito, masu son zane da ɗaukar hoto waɗanda hidimar gida ta sha kansu. Na taƙaita wasu saboda wuri.

Anti, yarana biyu, babbar tana da shekara huɗu, ƙaramin yana goye. A sakandare ni ce mai zanen ajinmu, amma tun da na yi aure ban sake riƙe fensir ba. Yanzu kwasar adashe ta kusa zuwa kaina, ina so in sayi iPad da alƙalaminsa saboda irin zanen da nake gani a Instagram. Maigida ya ce kuɗina ne. In saya? Maman biyu, Gusau.

'Yar uwa, a wannan kwasar dai kada ki saya. Ba wai iPad ba shi da kyau ba. Yawancin zanen da ke burge ki da manhajar Procreate aka yi shi, sau ɗaya ake biyan kuɗinta, kuma tana da daɗin aiki. Matsalar ita ce gidan da zai shiga. Duk gidan da akwai 'yar shekara huɗu, allo mai haske ba ya sati bai zama talabijin ɗin katun ba, kuma ranar da kika samu sararin zane, ranar za ki tarar babu caji, ba wuta. Ban da haka, hannun da ya yi shekaru yana hutu sai ya ɓata takardu da yawa kafin ya dawo, kuma gara ki ɓata su a kan abin da ba zai sa ki jin ciwon kuɗinki ba.

Nemi littafin zane mai bango mai ƙarfi, girman A5, wato rabin takardar hoto-kwafi, wanda zai shiga jakar hannu. Duba bayansa ki ga nauyin takardar: ta hoto-kwafi giram 80 ce, ke kuma ki nemi tsakanin 120 da 160, don ita ce ba ta yagewa in an goge. Fensir uku sun ishe ki: HB, 2B da 6B. Harafin H na nufin tauri, B kuma laushi da baƙi, lamba na hawa baƙin na ƙaruwa. Da HB za ki tsara, 2B ki yi yawancin aikin, 6B ki cika inuwa. Mai shago zai nuna miki kwalin guda goma sha biyu, ki ce masa na gode. Staedtler da Faber-Castell, dukansu na Jamus, ba sa ba da kunya, sai dai jabunsu ya cika kasuwa. Kalli gindin fensirin: in baƙin da ke cikinsa bai zauna daidai tsakiya ba, zai yi ta karyewa wajen fiƙewa. Ƙara da magogi mai laushi irin wanda ake mulmulawa da yatsa, da biro baƙi guda. Biron ma ya fi amfani ga mai jin tsoron kuskure, tunda ba ya goguwa, dole ki ci gaba.

Abin da ya fi sayayyar muhimmanci shi ne inda za ki ajiye su. In kika ɗora a saman wadirob don gudun ɓarnar yara, ke ma kin ɓoye wa kanki. Zuba su cikin ƙaramar jaka mai zif, ki rataye kusa da inda kike zama ki shayar da yaro. Awa biyu a jere ba za ki samu ba a wannan shekarun, minti goma kuwa akwai: bayan Asuba kafin gida ya tashi, ko lokacin da kike jiran shinkafa ta tsotse. Zana buta, zana takalmin babbar inda ta yar da shi, zana tulin wanke-wanken da ke kallonki.

In littafin ya cika kafin adashe ya sake zagayowa, to a lokacin maganar na'ura ta taso, musamman in kina son ki riƙa yi wa mutane katin gayyata ko zanen littafin yara, don masu ɗab'i fayil suke karɓa. Ko a nan ma akwai hanya mai sauƙi. In da laftof a gida, ƙaramin allon zane na Wacom, Huion ko XP-Pen wanda ba shi da fuska ya fi iPad araha nesa ba kusa ba, daga jikin kwamfutar yake shan wuta, manhajar Krita kuma kyauta ce. Zai ɗan ba ki wuya da farko, hannu na kan tebur ido na kan kwamfuta. In kuwa ranki na kan iPad, kuma na hannu za ki saya, ki tabbata mai shi ya cire asusunsa na iCloud a gabanki don kada ya kulle miki, ki kuma gwada alƙalamin a kai, don ba kowane Apple Pencil ke aiki da kowane iPad ba.

Hajiya, hotunan yarana da nake ɗauka da waya kullum dishi-dishi suke fitowa. Wani abokina ya ce in sayi Canon na hannu. Shi ya fi, ko in canja waya? Ma'aikacin gwamnati, Kano.

Malam, kafin ka taɓa aljihu, ina zargin ɗakinka ne ba wayarka ba. Kyamara in haske ya yi mata kaɗan sai ta daɗe da ido a buɗe don ta tara shi, yaro kuwa ba ya tsayawa. Yaron da ke gudu yana buƙatar ƙiftawar kusan 1/500 na daƙiƙa, amma a ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya waya kan sauka zuwa wajen 1/30. Nan dishi-dishin yake fitowa, kuma ko Canon ka shigo da ita ɗakin nan da gilashin gaba, wato lens, da aka saba sayar da ita da shi, abin da za ka samu ba zai yi nisa da wannan ba.

Gwada waɗannan na mako biyu, ba ko sisi. Goge idon kyamarar da gefen riga mai laushi, maiƙon hannu da ƙurar aljihu kaɗai na dusashe hoto. Fito da yaran inuwar tsakar gida da hantsi ko bayan La'asar. Tsakar rana tana sa su runtse ido, ta bar musu baƙin rami a ƙarƙashin gira. A ɗaki kuwa taga ta kasance a gefen yaron, ba a bayansa ba. Durƙusa idonka ya zo daidai da nasa. Taɓa fuskarsa a kan allon kafin ka danna, musamman ranar Sallah, don farar shadda na ruɗin kyamara ta duhunta fuska. Ka daina buɗe yatsu don jawo hoto kusa, taka da ƙafarka. Kamfanin Transsion mai Tecno, Infinix da itel ya yi suna wajen saita kyamarorinsa don baƙar fata, wannan gaskiya ne, amma ka kashe wurin nan na gyaran fuska, yana shafe kamannin yaro.

In bayan haka har yanzu kana son kyamara, shawarar abokinka ba ta da laifi. Canon 700D ta 2013 ko Nikon D3300 ta 2014 har gobe suna fitar da hoton da zai ƙawata falo. Kuɗinka dai ka zuba shi a gilashin gaba. Wanda ke zuwa da su, 18-55, ba ya shan haske sosai. Na 50mm f/1.8 yana cikin mafi araha, yana shan haske ninki da yawa, yana kuma narkar da bayan hoto yadda kake gani wurin masu ɗaukar biki. Illarsa a irin waɗannan kyamarori ita ce matsi: a ƙaramin ɗaki sai ka jingina da bango kafin mutum biyu su shiga. Saboda haka ga Nikon na fi son 35mm f/1.8, ga Canon kuma 24mm f/2.8, don mai ƙaramar lambar mm ya fi ɗaukar faɗi. Kuma in D3300 ce, gilashin ya zama mai rubutun AF-S, don tsofaffin ba sa saita hoto ya fito tar da kansu a jikinta.

Ranar saye tafi da memorinka. Sa a duba maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, don irin waɗannan an yi su ne su kai wajen 100,000. Haska tocila ta cikin gilashin, in ka ga zare-zare fari a ciki fumfuna ce, ajiye musu kayansu. A gida kuma abokan gabarta biyu ne: ƙurar hunturu da laimar damina. Kada ka cire gilashi a waje cikin hazo, da damina kuma ka rufe ta cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Tambayi kanka kuma tsakani da Allah: ranar hawan Sallah, ɗa a kafaɗa, wani a hannu, za ka rataya ta? In amsar a'a ce, canja wayar.

Anti, ina fenti a gida, 'yata mai shekara biyu da rabi ba ta barin kayana, har buroshi take kaiwa baki. Wane fenti ne ba shi da haɗari? Wata uwa, Maraɗi.

Raba kayanki da nata, shi ne farko. Fentin ƙwararru akwai masu sinadarin kadmiyam a ja da rawaya, da kobal a shuɗi, ba abin kaiwa baki ba ne. In na mai kike amfani da shi, ruwan da ake tsinka shi yana da tururi mai cutarwa, bai kamata a buɗe shi a ɗakin da yara ke kwana ba. A shekarun goyo fentin ruwa ya fi miki: ba wari, yana bushewa nan da nan, kwali mai kala goma sha biyu irin Cotman na Winsor & Newton zai daɗe miki, in kin haɗa shi da takarda mai giram 300 wadda ba ta tattarewa in ta jiƙe. Ƙaro ne ma ke riƙe kalarsa, irin wanda ake sa wa tawadar allo, don haka tawada da alƙalamin kara su ma kayan zane ne masu kyau.

Ita kuma ki saya mata kirayon masu kauri, ki duba ko kwalin na da tambarin AP, alamar wata cibiya ce a Amurka da ke tantance kayan zane marasa guba. Mai tambarin CL ba na yara ba ne. Alƙalamin maka mai ƙaramin murfi ki bari sai ta wuce shekara uku saboda shaƙewa, reza kuma kin san wurinta. Manna mata bayan tsohuwar kalanda a bango daidai tsayinta, ki zaunar da ita lokacin da ke ma kika zauna. Ba buroshin take so ba, abin da ke hannun uwarta take so.

Hajiya, matata na da hannun zane, amma tana ɗari-ɗari da zana mai rai. Me zan saya mata? Ango, Zariya.

Hukuncin na malamai ne, ku tambayi wanda kuka amince da shi. Amma kai da ke Zariya, ai fita kawai za ku yi ku kalli bangon tsofaffin gidajen cikin birni. Ga dagi, ga aska takwas ta wuyan babbar riga, ga zayyanar allon sauka, ga lalle, ga zanen ƙwarya. Saya mata kamfas mai kyau na ƙarfe, rula, littafi mai layin murabba'i, da alƙaluman tawada masu siririn baki, lamba 0.3 da 0.5. Masu ɗinki da masu katin biki na neman irin wannan hannun.

Anti, an sace wayata da hotunan ɗana tun daga ranar suna. Yaya zan yi kada a sake? Maman Abba, Agadas.

Allah ya mayar miki da alheri. Fara da 'yan uwan da kika taɓa tura wa, za ki tsinci wasu, ko da yake WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau sai in an tura shi a matsayin fayil. A sabuwar wayar kunna Google Photos tun ranar farko. Ana ba da gigabait 15 kyauta, amma da Gmail da Drive ake raba shi, bidiyo kuma shi ke cinye wurin. Duk bayan 'yan watanni ki kwafe komai zuwa kwamfuta ko filas, kuma ki guji memori mai arhar banza, jabu ne ke nuna girman da ba shi da shi, hotuna su ɓace ba sallama. Waɗanda kika fi so ki kai situdiyo a wanko miki, ki rubuta kwanan wata a baya da fensir mai laushi, don biro na huda takarda ya fito ta gaba. Wajen ɗorawa a intanet kuma, hoton da ake yi masa wanka da wanda bajen makarantarsa ya fito ku bar su a gida.