Ga ƙaninmu da kawunsa ya amsa masa da "tamam"

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun bayan la'asar, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka rubuta wa kawunka na Gadarif, a ƙasar Sudan, cewa kuɗi sun shiga ya duba, ya amsa da "tamam" kawai, wato "daidai" da Larabci, yau kwana tara bai ƙara cewa uffan ba, kana so ka san ko fushi ya yi.

Ni a Gadarif aka binne cibiyata, shekarata goma sha ɗaya ina aiki a Jidda, kuma ina jin na san inda gizo ke saƙar. Kai a Kano ka tashi, boko a yatsunka yake. Kawunka kuwa da Larabci ya yi karatu. Hausa a nono ya sha ta, amma yawancinmu in za mu rubuta ta da baƙaƙen Larabci muke yi. Saƙonka sai an nemo yaro ya karanta masa, yaron kuma zai rattabo shi ne kamar sammacin kotu. Boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna jan wasali. Garin tuwo da garin zama rubutunsu ɗaya, haka kukar miya da kukan hawaye. Balle "to". Akwai "to" ta yarda, akwai ta gargaɗi, akwai ta na gaji da kai, duk baƙi biyu ne.

Amma babban laifinka, ka yi haƙuri, ba ka gaishe shi ba. Mutanenmu jikokin waɗanda suka tako da ƙafa ne zuwa hajji, wasu kuma suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna kusa da Sinnar. Gaisuwar Hausa ta dā suka riƙe, suka ɗora ta Sudan a kai. Sai an tambayi gida, yara, gajiya, damina, a dawo a sake "kef halak", wato yaya kake, sau uku kafin a taɓo abin da ya kawo mutum. Ka kuma tuna halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Gadarif ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartoum, daga baya na Wad Madani suka biyo. Dattijon da ya saba bayarwa, yau gida cike da baƙi, ɗan ƙanwarsa ke turo masa. In kuɗin suka zo ba sallama, ji zai yi kamar an jefa wa almajiri sadaka.

Mai yiwuwa kuma ba fushi ba ne sam. A Fabrairun 2024 layuka suka ɗauke kusan duk ƙasar, ni kaina na yi makonni ban ji muryar mahaifiyata ba.

Wani abin da ya same ni bara ya sa na daina yarda da rubutu zalla. Saƙo ya shigo daga lambar ɗan baffana, wai haboba, kakarmu ke nan, tana asibiti, in tura kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta Sudan, zuwa asusun wani maƙwabci. Gaisuwa tsaf, addu'a tsaf, Hausa tas kamar ta gidan rediyo. Tsabtar ce ta tsaya mini a rai. Yaron nan ba ya jera kalma biyar bai sako Larabcin Sudan irin "ya zol" ko "yani" ba, kuma bai taɓa rubuta mini boko ba. Na ce ya aiko da murya, ya faɗi sunan da haboba ke kirana da shi. Shiru. Ashe wayarsa aka ƙwace a hanya, wani ke bin lambobin ciki ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka bayan magariba ka danna ka yi masa saƙon murya, kada ka rubuta. Ka ce "Kawu, barka da yamma", ka tambayi iyali da baƙin da ke gidan, ka tambayi yadda dawa da riɗi suka yi bana, don mutumin Gadarif ba ya ƙin wannan hira. Kada ka gyara Hausarka don ta yi kama da tasa, zai gane. Maganar kuɗin kuma ka bar ta, shi zai tayar da ita da kansa.