Tambaya da Amsa: Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Madina

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Da muka je Umara motar ziyara ta wuce da mu ta wani tsohon gini na baƙin dutse a Madina, direba ya ce wai tashar jirgin ƙasa ce ta zamanin da. Dama an taɓa yin jirgi a can kafin wannan mai gudun tsiya na yanzu? Daga wata Hajiya a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, direbanku bai yi ƙarya ba. Tashar layin dogon Hijaz kenan a unguwar Anbariyya, aikin Turkawan Daular Usmaniyya ne, Sarki Abdulhamid na biyu ya sa aka fara shimfiɗa dogon daga Dimashƙa a 1900, jirgin farko ya iso Madina a 1908, nisan ya haura kilomita 1,300, kuma tafiyar da alhazai ke yi a raƙumi wajen kwana arba'in sai ta koma ta 'yan kwanaki. Kuɗin ma wani kaso gudummawar musulmi ce, har daga Indiya an aiko.

Baƙin dutsen da kika gani na nan Madina ne, irin wanda aman wuta ya bari a gefen gari, shi aka sassaƙa aka jera, ƙofofi da tagogi duk masu baka irin ginin Turkawa, ga masallacin Anbariyya dab da ita da hasumiya biyu sirara, lokaci ɗaya aka gina su. Ni kam ginin nan ya fi burge ni a kan dogayen otal-otal ɗin gilashin da suka zagaye Harami, ko ba komai an yi shi da dutsen garin. Babban injiniyan layin Bajamushe ne mai suna Meissner, amma tunda wanda ba musulmi ba ba ya shiga Madina, injiniyoyi musulmi ne suka ƙarasa ɓangaren ƙarshe.

Niyyar a kai shi har Makka ce, bai kai ba. Yaƙin duniya na farko ya zo, Larabawan da suka yi wa Turkawa tawaye tare da wani Baturen sojan Ingila mai suna Lawrence suka riƙa dasa wa dogon nakiya, daga nan bai sake miƙewa ba. Yanzu tashar gidan tarihi ce, akwai tsofaffin kawunan jirgi da taragai a ciki. Shi jirgin Haramain na 2018, wato mai gudun nan da kika ambata, tasharsa daban ce can gabashin gari, kar ki ce wa mai tasi "tashar jirgi" kawai, ki ce masa Anbariyya.