Hotunan ƙarƙashin teku sun fito shuɗi kuma dishi-dishi: yaya ake gyara su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi nutso a Bahar Maliya, wajen Sharm el-Sheikh a Masar, zurfin kamar mita 12, na ɗauki hotunan murjani da kifaye da ƙaramar kyamarar GoPro. Duk sun fito shuɗi-shuɗi, dishi-dishi. Na ƙara musu launi da kaifi a Lightroom, manhajar gyaran hoto, sai ma suka ƙara lalacewa, suka yi tsaki-tsaki. Ina kuskurena?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta ƙalau, aikin ruwa ne. Ruwa yana shanye launukan hasken rana ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya, kafin a kai mita 5 ya kusa ƙarewa. Ruwan goro ya biyo shi wajen mita 10, rawaya wajen mita 20, a bar kore da shuɗi. Kuma ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba: in kana mita 12, murjanin na nesa da kai da mita 3, to hasken ya ratsa mita 15 na ruwa kafin ya shiga idon kyamara. Kai ƙwaƙwalwarka ta ɗan cike maka giɓin, shi ya sa ka ga kamar akwai launi. Kyamara kuwa abin da ya iso mata shi take rubutawa.

Da ka ƙara ƙarfin launi, shuɗin da ya riga ya yi yawa ka ƙarfafa. Daga daidaita fari ake farawa. A Lightroom, ɗauki ɗan tsinken zaɓen launi da ke sashen White Balance, wato daidaita fari, ka taɓa wani abu a cikin hoton da ka san fari ne ko ruwan toka: yashin ƙasan teku, tankin iskar abokin nutsonka, ko farin cikin kifi. Za ka ga ma'aunan launi biyu na wannan sashe sun motsa: Temp ya matsa wajen rawaya, Tint ya matsa wajen shunayya. Gwada wurare uku ko huɗu, domin yashin da ke kusa da wanda ke nesa ba amsa ɗaya za su ba ka ba.

A nan ne irin fayil ɗin da ka ɗauka ke yanke hukunci. JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, matakan haske 256 gare shi a kowane launi, kuma a hoto irin naka ja ya maƙale a 'yan matakan ƙasa. In ka ja shi da ƙarfi sai ya yayyage, wannan shi ne tsaki-tsakin da ka gani. RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, mai bit 12 yana da matakai 4,096, don haka yana jure gyara sosai. In JPEG ne a hannunka, akwai dabarar da na fi amincewa da ita a manhajar Photoshop: buɗe Channel Mixer, wato sashen gauraya launuka, zaɓi launin ja, ka aro masa bayani daga kore, wanda shi ya fito da tsabta, sannan ka ɗan rage shuɗi. Ba ainihin jan da ke wurin za ka samu ba, amma fatar mutum da murjani za su dawo kusa da kamanninsu.

Ina roƙonka abu ɗaya: kada ka kori shuɗi daga ruwan kansa. Na ga hotuna da yawa da aka matsa musu har ruwan ya koma ruwan hoda, abin ba daɗin gani. Keɓe kifin ko murjanin da burushin manhajar, ka ɗumama launinsa shi kaɗai, wato ka karkata shi wajen ja da rawaya, ka bar bayansa shuɗi yadda Allah ya yi shi.

Sai batun kaifi. Dishi-dishi iri biyu ne. Akwai na hazo, wanda ƙananan abubuwan da ke yawo a ruwa ke haddasawa ta hanyar watsa haske, tamkar ƙurar hunturu da ke sa dutse mai nisa ya yi fari-fari. Wannan yana gyaruwa. A Lightroom, jawo ma'aunin baƙi ƙasa har duhun hoton ya zama baƙi na gaske, ka ƙara Dehaze, wato ma'aunin rage hazo, kaɗan-kaɗan, sannan ka sake duba launi, don yakan tsananta shuɗi. Yawancin abin da mutane ke kira rashin kaifi daga nan yake warkewa. Na biyu shi ne na motsi, ko kai igiyar ruwa ta kaɗa ka, ko kifin ya gilma. Shi babu manhajar da za ta dawo da duk abin da ya goge; in layin idon kifi ya ninku biyu, ka haƙura da wannan hoton.

Ƙara kaifi shi ne aikin ƙarshe, bayan ka rage tsaki-tsakin, musamman na launi. A sashen kaifi na Lightroom, bar Radius, wato faɗin kaifin, wajen 1, ka danne maɓallin Alt kana jan ma'aunin Masking, mai taƙaita inda kaifin zai taɓa: hoton zai koma baƙi da fari, kuma inda ya yi fari ne kawai kaifin zai taɓa. Ci gaba da ja har faɗin ruwan ya yi baƙi ƙirin, gefunan kifi da murjani kaɗai suka rage. Rashin yin wannan ne ya sa kaifinka ya faɗa kan kowane ɗigon datti da ke ruwan. Manyan ɗigo-ɗigon kuwa da hannu ake goge su, ɗaya-ɗaya, sai an zauna.

In Allah ya sa ka koma, saita kyamarar kan RAW, ka matsa har tsakaninka da abin ya gaza mita 1. Nemi zurfin mita 5 zuwa 10, tsakanin hantsi da azahar, rana na bayanka. Gilashi mai launin ja a gaban kyamara yana taimakawa a shuɗin ruwa irin na Bahar Maliya, amma cire shi duk lokacin da ka kunna fitila, in ba haka ba komai zai fito ja wur. Sa ɗan farin allon roba a aljihu, ka ɗauki hotonsa duk sanda zurfi ya canza, shi za ka taɓa da tsinken nan in ka zauna gyara.