Yadda za ka rage tarkacen saƙonni a imel ɗinka

Malam, na fahimci damuwarka: tarkacen saƙonni sun cika maka akwati, har saƙon da kake jira daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ɓace a cikinsu.

Hanya biyu ce. Ta farko, ka kafa ƙa'ida a manhajarka, cewa duk saƙo daga adireshi kaza a tura shi wani babban fayil. Wannan tana amfani ga masu turowa da ka sani, amma 'yan damfara kullum suna sauya adireshi. Ta biyu ita ce na fi dogara da ita a shagona nan Sakkwato: matatar shara ta Thunderbird, wata manhajar karanta imel, tana koyo daga gare ka, domin tana lura da kalmomin saƙonnin da ka yi wa alamar shara da waɗanda ka ce nagari ne. Dole ka koya mata ɓangarorin biyu, in ba haka ba za ta riƙa kuskure.

Ka riƙa leƙa akwatin sharar ko saƙo nagari ya faɗa ciki, domin idan imel ɗinka na Gmail ne, yana goge abin da ke ciki bayan kwana 30. Kada ka danna mahaɗi a saƙon da ke neman lambar BVN ɗinka; idan ka riga ka danna, ka garzaya bankinka yau.