Ga ƙanena da ke Istanbul yana son komawa Damagaram

Ƙanena, na karanta tambayarka sai da ƙirjina ya yi nauyi. Ka ce tun da ka sauka Istanbul ba ka jin komai cikin Turkanci, daga aji sai ɗaki, har kana tunanin tattara kayanka ka koma gida. Wallahi halin da na shiga ke nan. Kar ka koma, ka ji?

Ka riga ka gani, Faransancin da muke taƙama da shi ko burodi ba ya saya maka a nan. Amma ni abin da ya fi ƙona mini rai, ɗan uwana Bahaushe ne ya cuce ni. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce shi ne bakina shi ne kunnena. Ya kai ni wani ɗaki a unguwar Aksaray, ya tsaya tsakanina da mai gida yana tafinta, ya karɓi kuɗin haya da na ajiya, har da ladan dillanci. Ashe ya san sarai Aksaray cikin gundumar Fatih take, kuma a lokacin an rufe Fatih ga sabbin baƙi masu neman ikamet, wato takardar izinin zama. Da na je a rubuta adireshina aka maido mini takarduna. Na tsaya bakin titi cikin ruwan sama, takalmina ya jiƙe sharkaf, ina ta kiran wayarsa tana kashe. Kuɗin nan mahaifiyata ce ta sayar da tumakinta ta haɗa mini. Har yau in na hango shi a masallacin Juma'a sai in sauya sahu. Mutumin da muka ci tuwo kwano ɗaya! Allah ya isa.

Don haka duk takardar da ba ka karanta ba, kar hannunka ya hau ta. Ka kira 157, layin baƙi ne, ana amsawa da harsuna da dama har da Larabci da Ingilishi.

Ajin TÖMER, cibiyar koyon Turkanci, ka riƙe shi da kyau, amma shi kaɗai ba zai buɗe maka baki ba. Su Turkawa aikatau a ƙarshen jimla suke sa shi, saboda haka ka riƙa haƙuri mutum ya dire maganarsa kafin ka firgita. Karatun kuwa da sauƙi, tun 1928 da haruffan boko suke rubutu, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa. Ka je kasuwar mako ta unguwarku, ka yi ciniki kamar kana kasuwar Dole, ko da ƙirga kawai ka iya. Ni tsofaffin masallacin unguwarmu ne suka koya mini. Bayan la'asar su zaunar da ni, su miƙo shayi cikin ɗan ƙaramin kofin gilas, in yi kure su gyara.

Ka sayi rigar sanyi mai kauri tun kafin Disamba, hunturunmu ba komai ba ne a kan na nan. Kuma don Allah ka riƙa cin abinci. Ka nemi irmik, wato tsakin alkama, a kantin BİM, yana yin tuwo mai kyau. In wani zai taso daga Yamai, ka ce a aiko maka da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji. Ka rubuto mini unguwar da kake, ranar Asabar in zo mu fita kasuwa tare.